Ciwon Rakiya da Muka Ɗauka Kunya Ce

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Ni mai walda ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofa da taga da gadon ƙarfe su ne aikina. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, saboda haka wanda ya ga gyara a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce. Abin da ya zaunar da ni shi ne wannan: matata Rakiya ta yi ciwo a gabana, ciwon da ya kusa raba ta da ɗanta, ya kusa raba ta da ranta, ni kuwa ina tsakar gida ina karɓar yabo a kan ciwon. Ba na so wani magidanci ya sake yin irin wannan zaman.

Mun daɗe da aure ba haihuwa, har furfura ta fara fito mini. Ta yi ɓari sau biyu, sannan wani ciki ya kai watan haihuwa aka haife shi ba rai. Don haka da wannan cikin ya samu, a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, babu wanda ya yi guɗa. Rakiya a da mace ce mai surutu, ko tankaɗe take yi sai ta haɗa da waƙa, matan gidan hayarmu a Tarauni har gidan rediyo suke ce mata. Da cikin ya fara tsufa sai ta yi tsit. Abinci sai ta tsakura ta ture. Barci babu. In na sayo kayan jarirai, ledar ma ba ta buɗewa. Na ce a raina kunyar ciki ce, ai macen kirki ba ta zancen cikinta. Ina kai ta awo, a duba jini, a duba fitsari, a ce lafiya lau. Babu wanda ya tambaye ta abin da ke ranta. Ni ma ban tambaya ba. Wa yake tambayar wannan?

Mahaifiyarta ta rasu, babu inda za ta je goyon ciki. Sai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, ta taso daga unguwar Babban Giji ta tare a wurinmu. A satin da aka rantsar da sabuwar gwamnati Rakiya ta sauka, namiji, lafiyayye. Muka sa masa Usman, 'yan rumfar waldarmu kuwa suka laƙa masa Farar Hula.

Wanda bai san gidajenmu ba bari in gaya masa. Muna da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta faɗin sunansa. Ko kuka yake a gaban manya, sai ta kau da kai har sai an miƙo mata shi. Uba ma haka. A cikin wannan muka tashi, kuma ni ba zaginta na zo yi ba.

Satin farko Gwaggo ta yi aikin da ban san da bakin da zan gode mata ba. Kafin gari ya waye ta hura wuta, ta dafa ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, yamma ma haka. Kunun kanwa, yaji, ƙauri, duk ita. Jariri a wurinta yake kwana, sai in yunwa ta kama shi ta kawo shi ya sha nono. In ta ɗora wa Rakiya shi a cinya, sai Rakiya ta juya fuskarta bango har ya gama, a ɗauke shi.

Ranar suna mata suka cika gida, kowa sai yabonta yake. Da yamma Gwaggo ta kira ni gefe tana murmushi.

"Kai Sale, ka yi dace. Yaran yanzu da sun haihu sai su ƙanƙame ɗa kamar za a ƙwace. Taka kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Irin wannan kara sai mutanen da."

Kaina ya fasu. Washegari har a rumfa na maimaita maganar, ina fankama.

Bayan suna abin ya ci gaba. Kwanon abinci yadda aka kai haka ake fito da shi. In ana yi mata wanka ana jin kukanta daga banɗaki, Gwaggo ta ce zafin ruwa ne, kowace maijego da kuka ta yi nata. Mai kitso ta zo, ta ce a bari sai gobe, goben ba ta zo ba. Nono ya ragu, yaro ya shiga kuka ba ji ba gani. In na shiga ɗaki na ce "Sannu, yaya jiki?" ta ce "Da sauƙi, Malam," ni kuma in fita. Iyakar jinyar da na yi ke nan a wancan lokacin.

Ɗakin da ke kallon namu na Sista Rifkatu ne, nas ce a babban asibiti, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta. Wata safiya zan fita ta tare ni a bakin famfo.

"Malam Sale, zan yi maka magana, kar ka ji haushi. Maman Usman ba ta da lafiya."

"Wa ya gaya miki? An duba ta, an ce jini ya tsaya, komai daidai."

"Ba jiki nake nufi ba. Na daɗe a cikinku, na san kunyar ɗan fari. Mai kunya, in an juya baya, tana satar kallon ɗanta. Jiya na wuce ta bakin taga, ba kowa a ɗakin, yaro na tsala kuka a gefenta, ko motsi ba ta yi ba. Kunyar wa take ji a nan? Bango?"

Na ɗaure fuska na ce, "Sista, al'adarmu daban, taku daban."

Ta dube ni, ta ɗauki bokitinta. "To. Allah ya sa ni ce na yi kuskure."

Ana gab da arba'in, wata rana aka ɗauke wuta tun hantsi, ba aiki, sai na dawo gida wajen azahar. Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa, 'yan gidan duk sun fita nema. Tun daga zaure nake jin kukan yaro, muryarsa har ta dishe. Na leƙa ɗaki, yana kan gado shi kaɗai. Na zagaya baya na tarar da Rakiya a bakin rijiya. Murfin rijiyar ni na ƙera shi, ƙarfe ne mai nauyi, ban san yadda ta ɗaga shi ba. Tana zaune a kan bakin, babu guga a hannunta.

"Rakiya, me kike yi a nan? Yaro na kuka."

"Na ji shi."

"To?"

"Malam, ka ba Gwaggo shi. Ka ba duk wadda za ta iya."

"Iya me?"

Ba ta dube ni ba, ruwan take kallo. "Kowa cewa yake in an ɗora miki ɗanki a cinya, wani abu zai taso miki a ƙirji. Na jira, na jira. Ban ji komai ba, sai tsoro. In na kalle shi gani nake shi ma tafiya zai yi. Kuna ta cewa ina da kunya. Duk wanda ya yabe ni sai in ji ya ƙara toshe mini baki. Wace irin uwa ce wannan? Da babu ni da ya fi masa."

Na kama hannunta na ja ta ɗaki, ba ta yi gardama ba. Na mayar da murfin, kafin magariba na sa masa sarƙa da kwaɗo. Abin da na iya ke nan, ƙarfe. Na kulle rijiya na ɗauka na yi maganin abin.

Daga nan sai shawarwari. Gwaggo ta ce iska ce, jikin maijego a buɗe yake, wataƙila ta shiga banɗaki da faɗuwar rana ba addu'a. Aka fara hayaƙi, aka karɓo rubutu. Yayana, Malam Ado, ya ce sangarta ce, in mayar da ita ƙauye gidan ubanta ta huta. Wani a rumfa ya ce sammu ne, ya san wani mutum a bayan gari. Muka kira malamin unguwarmu ya yi mata ruƙiyya. Ta zauna shiru ta saurara daga farko har ƙarshe, babu aljanin da ya yi magana ta bakinta. Allah ya saka wa bawan Allah nan, da muka fito ya ce mini, "Ni dai ban ga alamar aljani ba. Ku ci gaba da addu'a, amma ku haɗa da asibiti."

Da na kai wa dangi wannan magana sai aka yi mini ca. Yaya Ado ya ce, "Asibitin me? Ɓangaren masu taɓin hankali za su tura ku. Sunan zai bi yaron nan har ranar da zai je neman aure." A zaman nan, a gidan Gwaggo, aka yanke cewa da zarar Usman ya fara shan kunu Gwaggo za ta ɗauke shi ta riƙe. Ai dama ɗan fari na kaka ne, in ji su. Na amince. Gaskiya ma sanyi na ji, kamar an sauke mini kaya. Da na gaya wa Rakiya, "To" kawai ta ce.

Sati ya zagayo tana ƙara ramewa. Wuyanta ya yi tsawo, idanu suka faɗa. Ba na iya riƙe ƙarfe in yi aiki, ina tunanin me zan tarar a gida. Rannan dai na je na tsaya a ƙofar Sista Rifkatu kamar mai bara, na yi sallama, ta fito, na rasa ta inda zan fara. Ba ta tuna mini da maganar da na yaɓa mata ba. Cewa kawai ta yi, "Gobe ku shirya da wuri, ni zan raka ku."

Asibiti kuwa sai wanda ya je. Kafin rana ta fito layin kati ya kai bakin ƙofa. A tura ka wannan taga, a ce ba nan ba ne, ka koma waccan. Benci ya cika, mai jego a tsaye, jariri na kuka. In an rubuta magani, wani lokaci a samu a ciki, wani lokaci sai kantin waje, da tsadarsa. Kowace ranar asibiti ranar rufe rumfa ce, ga kuɗin mota. A ƙarshe babur ɗina na sayar, na koma hawa bas.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Rabin masu ba ni aiki ma'aikatan asibitin nan ne, a Gyaɗi-Gyaɗi suke haya, ni na yi musu tagogi. Duk inda na juya sai in ji, "A'a, Mai Walda! Lafiya?" Sai in ce, "Haƙori ne." Wani mai kirki ya ce, "Haba, ai ka ɓata, ɓangaren haƙori can baya yake, zo in raka ka." Ya kama hannuna har can, ya samo mini wurin zama, ya tsaya muna hira. Ina zaune dafe da kumatu, lafiyayyen haƙori a bakina, matata tana can ita kaɗai a kan benci da yaro. Da na dawo an riga an kira ta. Sista Rifkatu ce ta shiga da ita.

Likitan ya aiko a kira mijin. Yaro ne, in da na haihu da wuri da na haife shi. Ya ce in zauna, na zauna a bakin kujera. Ya faɗi wani suna da Turanci, difireshan, shi kaɗai na riƙe. Sauran da Hausa ya yi mini.

"Baba, ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata tun da ciki ko bayan haihuwa. Ba hauka ba ne. Ba rashin imani ba ne, ba kuma ƙin ɗa ba ne. Ana warkewa. Amma kar a bar ta ita kaɗai, kuma in ta sake zancen mutuwa, ko wane lokaci ne, ku kawo ta."

Ya rubuta wata 'yar ƙwaya, ya ce ba ta aiki nan take sai an yi makonni, kuma ta ci gaba da ba da nono. Sannan ya tura mu wurin wata dattijuwar ma'aikaciya, Hajiya Laure, wai duk sati mu zo. Na tambayi Sista wace allura ita kuma take yi. Ta ce ba ta allura, zance take yi da mutane. Na ce, "Zance? In rufe rumfa, in hau layi, don a yi zance?" Ta ce, "Kai dai ka zo."

Zuwan farko da na biyu Rakiya kaɗai ta shiga, ni ina waje ina ɓoye fuska. Tana fitowa da jajayen idanu, na ce a raina wannan mata ƙara mata ciwo take yi. A na uku aka ce in shigo. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, kujera uku da fanka mai ƙara. Hajiya Laure ta gaishe ni kamar ta san ni, sannan ta ce, "Malam Sale, yaushe rabonka da ɗaukar yaron nan?"

"Ai Hajiya ɗan fari ne. Ban taɓa ba."

"To. Uwarsa ba ta da lafiya, ubansa yana jin kunya. Wa ya rage masa?"

Na sunkuyar da kai. Na fi ƙaunar a mare ni.

Ta ba ni aiki. Kullum in na dawo, bayan magariba, in shiga ɗaki, in ɗauki yaron da hannuna, in zauna kusa da Rakiya, in ce mata, "Yau yaya ranki?" Daga nan in rufe bakina. Ta hana ni kalma biyu: "yi haƙuri" da "ki gode wa Allah, wasu nema suke."

Na ce, "Hajiya, haƙuri da godiya kuma laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Kai ne ka mayar da su murfin tukunya. Da ta buɗe baki sai ka kifa mata."

Ranar farko na ɗauki Usman kamar ƙarfen da ya fito daga wuta, nesa da jikina. Ya tsula mini fitsari a riga. Na ce, "Yau yaya ranki?" Ni kaina sai da na ji maganar ta yi mini banbaraƙwai a baki. Ta ce, "Lafiya lau." Muka zauna kamar baƙi a tasha. Gobe haka, jibi haka. Ga ƙwayar tana sa ta jiri, bakinta na bushewa. Gwaggo ta ce maganin bature zai ɓata nono, a daina. Saura kaɗan in bi ta, sai Sista ta ce mu koma mu gaya wa likita tukuna. Muka koma, ya gyara yadda za ta riƙa sha, jirin ya lafa.

Wata yamma ana yayyafi, na yi tambayata yadda na saba, ina jiran "lafiya lau." Can ta ce, "Malam, wancan da na haifa ba rai. Mace ce ko namiji?"

Na ji kamar an doke ni a ƙeya. Lokacin da abin ya faru ba ta cikin hayyacinta. Kafin ta farfaɗo ni da Yaya Ado mun kai gawar mun rufe. Kowa ya ce kar a tayar mata da zancen don ta manta, mu a ganinmu tausayi ne. Ita kuma nauyin tambaya ya hana ta. Shekaru tana ɗauke da wannan, muna kwana ɗaki ɗaya.

Na ce, "Mace ce."

"Tana da gashi?"

"Sosai. Baƙi wuluk. Hancinki ne da ita."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji ba. "Yi haƙuri" ta taho mini har bakin leɓe, na cije ta. Na zauna da yaro a hannu ina kallonta, sai na ji ni ma fuskata ta jiƙe. Gwaggo ta ɗaga labule, ta gan mu, ta saki labulen.

Kar wani ya ɗauka daga ranar ta miƙe. A'a. Yau ta ci abinci ta yi wanka da kanta, gobe ta wuni a kwance fuskarta a bango. Akwai satin da ta koma kamar ba a taɓa fara magani ba, har na ce wa Hajiya Laure ni na gaji. Ta ce, "Ka gaji mana, kai ma mutum ne. Zauna ka gaya mini." Na zauna, ni da na ce zance ba magani ba ne, na yi ta zuba har na ji kunyar kaina. Ta haɗa Rakiya da wasu mata masu irin ciwon, suna zama tare in sun zo asibiti. Rakiya ta ce mini har da matar wani babban ma'aikaci a cikinsu, da wata mai 'ya'ya biyar. Ta ce ita da ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya. Sista Rifkatu kuma in ba ta da aiki sai ta ja ta kasuwar Tarauni, ko ba abin saya, don dai ta ga mutane.

Ni kuma na saba da ɗaukar yaro, har ƙofar gida nake fita da shi a kafaɗa. 'Yan majalisar ƙofar gida suka samu abin yi. "Sale, saura zanin goyo!" "Ku haɗa kuɗi a saya wa baban Farar Hula ɗankwali!" Ina jinsu, in yi dariyar yaƙe, kunnuwana na zafi.

Gwaggo abin bai yi mata daɗi ba. Ta ce asibiti ya koya mana rashin ta-ido. Duk da haka ba ta fasa girki ba, ba ta fasa wankin tsummokaran yaro ba, har sai da ta ga Rakiya ta fara shiga ɗakin girki. Sannan ta haɗa kayanta. A zaure ta ce mini, "In ya fara shan kunu zan zo in ɗauki ɗana."

Hajiya Laure ta ce in je in warware maganar tun da wuri. Na ce to. Na je Babban Giji, na gaishe da Gwaggo, ta zubo mini tuwo, na ci, na taso. Na sake komawa, na sake cin tuwo. Matar da ta goya ni, ta yi mini wanki, ta sayar da akuyarta ta kai ni koyon walda, yaya zan dubi idonta in ce na fasa? Rakiya ma ban taɓa tambayarta ko har yanzu tana so a tafi da shi ba. Kullum ina tambayar ranta, wannan ɗaya nake tsallakewa, don ina tsoron amsar, kowacce ce.

Damina ta wuce, Usman ya fara zama, ya fara shan kunu. Wata Asabar da hantsi sai ga Gwaggo da Yaya Ado, sun bar tasi a ƙofar gida yana jira. Ta zo da sabon zani da majanyi. Aka gaisa. Ta ce a haɗo kayan yaro. Rakiya ta shiga ɗaki ta fito da su a ƙulle, ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Matan gidan sun firfito suna kallo.

Gwaggo ta sunkuya ta ce, "Sale, ɗora mini shi."

Na ɗauki ɗana na ɗora shi a bayanta. Hannuna na kan bayansa ina riƙe da shi, tana warware zani.

"Gwaggo."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da muka waiga muka tabbatar Rakiya ce.

"Gwaggo, ki bar mini shi."

"Me kika ce?"

"Ki bar mini Usman. Ɗana ne. Ina son shi."

Ta faɗi sunansa, a gaban Gwaggo, a gaban yayana, a gaban duk gidan. Yaya Ado ya yi salati. Ta tako ta zare yaron daga hannuna, ta rungume shi, ta cusa fuskarta a wuyansa.

"Na san ban gama warkewa ba," in ji ta. "Akwai ranar da ba na iya tashi. Ranar ki zo ki taya ni, don Allah. Amma kar ki tafi da shi."

Gwaggo ta miƙe a hankali, tana dafe da ƙugu. Ta daɗe tana kallonsu. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jiran abin da zai faɗo.

"Sale."

"Na'am, Gwaggo."

"Matar nan taka ba ta da kunya ko ƙanƙani."

Ta wurga wa Rakiya zanin a kafaɗa. "Ungo. Goya shi in gani, ko shi ma sai an kai ki asibiti an koya miki?"

Yaya Ado ya ce, "To Gwaggo, mai tasi fa?"

"Ka sallame shi. Ni ba inda za ni sai na ci abinci."

Rakiya ta goya shi. Majanyin ya karkace, Gwaggo ta zo tana faɗa ta gyara mata.

Ta ci gaba da shan magani da zuwa wurin Hajiya Laure har sai da likita da kansa ya ce a tsaya. Gwaggo ta riƙa zuwa a ranakun da jiki ya ƙi, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ciwon asibiti ba ne, cewa take iska ce ta gaji ta tafi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Sista Rifkatu, da likitan nan, da Hajiya Laure, da malamin da ya faɗa mini gaskiya, Allah ya biya su, ni ba ni da abin biyansu.

Ni kuwa, ranar da ya kamata in buɗe baki, hannuna ne a bayan yaron ina taya ɗaurewa. Marar lafiyar ce ta yi maganar da mai lafiya ya kasa. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Kai magidanci, in matarka tana da ciki ko ta haihu, ka ga ta yi shiru, aka ce maka mai kunya ce, ka ce madalla. Sannan ka shiga ɗaki, ka ja labule, ka tambaye ta yaya ranta. In ka tambaya, ka rufe bakinka ka jira.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, waɗanda ke kwance a asibiti, da waɗanda ke zaune a ɗaki ana yabonsu.